Gonar Koko da Gonar Gero: Wa ke da Itacen da ke Tsakiyar Shuka?

 

Koko ba ya yi a nan garin Dogon Daji. Itace ne na kurmi, mai son ruwan sama milimita 1,500 zuwa 2,000 a shekara da iska mai laima, kuma rani in ya zarce wata uku sai ya fara jigata. Ƙasar Tambuwal da Kebbe da ƙyar take samun rabin wannan ruwa, ga rani na wata bakwai, ga hunturu mai tsaga leɓe. Wanda duk ya zo da dashen koko ya ce a sa a nan, kuɗin jama'a yake so ya ci. Amma gonar koko ta cancanci a zauna a yi zancenta a garin nan, domin manomin Ondo da manomin Dogon Daji abu guda ke ci musu tuwo a ƙwarya: yadda itace da abinci za su zauna fili ɗaya, wani bai kashe wani ba.

Kuma ba baƙuwar gona ce ga mutanen ƙasar nan ba. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke bi ta Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu har Salaga ta ƙasar Gwanja su ɗauko goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, ciniki ya karkata can, unguwannin Sabo na Ibadan da Shagamu suka cika da Hausawa masu ɗaurin huhu. To, da yawa daga itatuwan goron nan a tsakiyar gonakin koko suke tsaye. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure da zanen suna a nan gari, abokin zaman koko ne.

Sai kuma 'yan cin rani. A farkon shekarun 1950 wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya bi diddigin mazan da ke barin Lardin Sakkwato da zarar an gama kaka, ya ga yadda ɗimbinsu ke nufar gonakin koko na Yammacin Nijeriya da na Gana. A Gana akwai tsarin da mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na kokon da aka girbe, kuma 'yan arewa sun daɗe suna wannan aiki, har korar baƙi ta 1969 ta dawo da da yawansu gida. A tsakanin tsofaffin garuruwan nan ba a rasa wanda ya taɓa fasa ƙwallon koko da adda, ya shanya 'ya'yansa a kan tabarma. Wata Baturiya ma, Polly Hill, ta haɗa duniyoyin biyu a aikinta: ta rubuta littafi kan manoman koko na kudancin Gana a 1963, ta zo Batagarawa ta Katsina ta zauna, ta fitar da wani kan manoman Hausa a 1972. Abin da ta nanata a duka biyun shi ne, ƙaramin manomi mai lissafi ne, ba ya yin abu don jahilci.

Ga yadda ake kafa gonar koko. Ɗan dashen koko ba ya jure rana, kuma sai ya yi shekara 3 zuwa 5 kafin ya ba da ƙwallo na fari. Saboda haka manomi ba da koko yake farawa ba. Agade yake fara dasawa, taku uku-uku, har ganyensa ya buɗe ya yi rumfa, sannan ya sa koko a tsakani, mita 3 tsakanin kowane biyu, wato kimanin dashe 1,100 a hekta ɗaya. A sararin da ya rage sai masara da gwaza da rogo da barkono, wani wuri har da doya. Masara ta ciyar da gida a wata na uku, agade ya shiga kasuwa a shekara ta fari, rogo ya biyo baya. Noman da ake yi wa abincin shi ne noman kokon, ba a biya lebura sau biyu ba. Yayin da koko ya haɗe kai ya rufe ƙasa, abincin ya janye, sai a bar manyan itatuwa a sama: goro, lemo, kwakwar manja, da itatuwan katako. Masana a Gana suna ba da shawarar a bar irin waɗannan manya 15 zuwa 18 a hekta. A kudancin Kamaru kuwa mutum zai shiga gonar koko ya ɗauka daji ne, don yawan itatuwan marmari da na magani da ke cikinta.

An taɓa gwada akasin haka, kuma labarin yana da amfani. A cibiyar binciken koko ta Tafo a Gana, tun shekarun 1950, aka sare inuwa a wani ɓangaren gona aka zuba taki. Amfani ya ninka, kowa ya yi murna. Bayan kamar shekara 10 sai itatuwan suka fara gajiya, ƙwari suka yi musu rubdugu, rassa suka riƙa mutuwa daga sama, alhali na ƙarƙashin inuwa suna nan suna ba da nasu daidai gwargwado. Kwaddibuwa, wadda ta fi kowace ƙasa noman koko a duniya, ta bi hanyar koko a tsakar rana, ta yi arziki da shi, amma dajinta da ya kai aƙalla hekta miliyan 12 a 1960 bai kai miliyan 3 ba a ƙidayar 2021. Da cuta da rikicewar damina da tsufan itatuwa suka haɗu a Gana da Kwaddibuwa, sai tan ɗaya na koko, wanda ya daɗe yana yawo a wajen dala 2,500, ya haura dala 10,000 a watan Maris na 2024. Yanzu gwamnatoci da kamfanonin cakulan kuɗi suke kashewa suna raba wa manoma dashen itatuwan da iyayensu suka sare.

A nan gida lissafin a juye yake. Can itace ne uban gona, abinci ɗan rakiya. Nan gero da dawa da wake da gyaɗa su ne masu gona, itace ke neman wurin tsayawa. Kuma kakannin mutanen nan sun daɗe da tantance wanda za su bari.

Na farkonsu gawo. Wanda ya ratsa gona a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙuna har ta cikin takalmi, zai ga komai ya bushe sai gawo ya yi kore shar. Shanu da tumaki sun taru a gindinsa suna tuƙa, suna tsintar 'ya'yansa masu lanƙwasa da iska ke kaɗowa, suna zubar da kashi da fitsari wuri guda wata da watanni. Da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganyensa ƙasa ya tsaya tsirara, rana ta sauka kan shuka yadda take so. A watan Agusta ba sai an nuna wa mutum ba: geron da ke kewaye da gindin ya fi duhun ganye, ya fi kaurin kara, zangarniyarsa ta fi tsawo. Saiwarsa ƙasa take nutsawa ba ta tsere da ta hatsi, kuma yana cikin dangin itatuwan da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da ake saye a buhun yuriya. A Bambey ta ƙasar Sanagal, binciken da aka buga a 1965 ya sami geron ƙarƙashin gawo ya ninka na sarari fiye da sau biyu. Mutanen Damagaram har yau suna ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki a ƙarni na 19, da tsananin hukuncinsa kan mai sare gawo, kuma wanda ya bi hanyar Matamaye da Magarya zai ga gonakin da gawo ya yi musu rumfa iyakar ganin ido.

Kaɗanya da ɗorawa kuwa ba haka suke ba, kuma bai kamata a yi wa manomi daɗin baki a kansu ba. Suna riƙe ganye da damina, inuwarsu tana danne hatsi. Wani awo da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 1992, ya nuna dawa tana raguwa da kimanin rabi a ƙarƙashin kaɗanya, da kusan kashi 70 cikin 100 a ƙarƙashin ɗorawa. Magidancin da ya ce itacen nan yana cinye masa dami bai yi ƙarya ba.

Sai dai lissafinsa bai cika ba, don bai sa abin da ke shiga ɗakin matarsa ba. Ɗorawa tana nuna da bazara, lokacin da rumbu ya fara sauka: garinta abin sha ne ga yara, kalwarta daddawa, ɓawonta makuba ta daɓe. Kaɗanya tana zuba a farkon damina, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba. A ci naman, a tara ƙwallon, a dafa, a shanya, a daka, a fitar da man kaɗe. Kuka kuwa ba gidan da ba ya bin ta bashin miya. Abin da itace ya rage a dami yakan mayar da shi a kasuwar Jega ko ta Tambuwal, illa dai aljihun da ya yi asara daban, wanda ya ci riba daban. Shi ya sa in ana shawarar sare ɗorawa a gona, ya kamata a ji ta bakin uwargida kafin a wasa gatari.

Akwai kuma dabarar da mai koko ya riga ya sani: a ba kowace shuka hasken da take so. A Burkina Faso an gwada sassabe rassan ɗorawa da kaɗanya kafin damina, geron gindinsu ya farfaɗo, aka kuma sami itacen girki. An gwada sa gwaza da barkono a cikin inuwar a bar gero a sarari, suka fi geron jin daɗin wurin. Wato gindin ɗorawa ba mataccen wuri ba ne, an dai sa masa abin da ba nasa ba.

Wani abin mamaki, man kaɗen nan da kokon can sukan haɗu a tukunya ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa wasu mayukan tsiro har kashi 5 cikin 100 a cakulan a madadin man koko, kuma man kaɗe na cikin 'yan ƙalilan da aka lissafa. Mafi yawan ƙwallon kaɗanyar da ke fita daga Afirka ta Yamma can yake ƙarewa, ba a man shafawa ba. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida don a riƙa matse shi a gida. Ko wannan ya yi wa mata masu tsinta daɗi ko bai yi ba, magana ce ta wata rana. Abin lura dai, itacen da ake ƙonawa a yi gawayin buhu biyu ko uku, gwamnati da kamfanonin duniya ne ke ja-in-ja kan 'ya'yansa. Kaɗanyar da ta tsiro da kanta kuma sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa.

Wurin da tsarin koko ya fi zama daram shi ne fadama da lambu, irin waɗanda ke bin gulbin Zamfara. Mangwaro mai aure, mita 10 tsakani, dashe 100 ke nan a hekta, yana fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu. Ban-ruwan albasa da tattasai da tumatir shi ne ban-ruwansa, shingen da ya tsare kayan lambu daga awaki shi ya tsare shi. Masu lambu da dama sun riga sun gane wannan, ba sai an tsaya dogon bayani ba.

A tudu ne ake da aiki, kuma a nan ne mai wannan lacca ke da ja da yadda aka saba yi. Kowace damina a yi bikin dashen itace, a kawo dogon yaro da turare a leda, babban baƙo ya dasa ɗaya a ɗauki hoto. Zuwa watan Maris akuya da gara da ƙishi sun gama da mafi yawansu. Ba a rasa manyan shirye-shirye ba: Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa ta Sahel a 2007, Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015 da jihohi 11 har da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL a ƙarshen 2021. Amma mafi girman dawowar itatuwa da aka gani a duk yankin Sahel ba daga leda ta fito ba, kuma a ƙasar Hausa ta faru.

A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya duba 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara ya gane ba ciyawa ba ce: tohon kututturen itatuwa ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa tun shekaru. Aikin da ya koyar ba ya bukatar ko sisi. Manomi ya zo sassabe ya tarar da kututturen sabara ko kalgo ko geza ya yi toho ashirin. Maimakon ya share duka ya cinna wuta, sai ya tsuguna ya zaɓi biyu zuwa biyar mafi miƙewa, ya yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ya share ƙananan rassan waɗanda ya bari har rabin tsayinsu, wani ya ɗaura tsumma don mai neman itace ya san da mai shi. Da yake saiwar tsohuwa ce, toho yakan fi dashe saurin girma. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka yi don hatsin, suka sare bayan an daina rabo, amma waɗanda suka bari suka ga bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara 20, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye sun sake yin itace, wajen itatuwa miliyan 200. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye har kwamitin tsaron itatuwa aka kafa, da mata da makiyaya a ciki. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ruwan da ke sauka a Kebbe ya fi na Ɗan Saga nesa ba kusa ba.

Manoma suna da ƙorafi, kuma na gaskiya ne. Itace yana tara jan-baki lokacin da gero ya yi ido. Mai tarakta ba ya son kututture, yakan ce a tumɓuke ko ya wuce gonar gaba. Makiyayi yakan hau gawo da rani ya yi masa aski har ƙwarya. Amsar biyun farko tana hannun mai gona: a rage rassa kafin hatsi ya nuna, a bar toho a jere bisa kunya yadda garma za ta wuce. Na ukun ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ga kuma rashin tsaro da ya sa shiga daji neman itacen girki ko kiwo ya zama kasada, abin da ya ƙara wa itacen cikin gona daraja, ya kuma ƙara masa masu ido a kai.

Wannan ya kawo magana kan abin da ya fi ruwa da iri muhimmanci, wato mallaka. A Gana, tun dokar 1962, itacen katako da ya tsiro da kansa na hukuma ne ko da a tsakiyar gonar mutum yake. Mai lasisi zai zo ya kayar da shi, ya murƙushe koko, ya ja gungumensa ya tafi. Sakamakon haka manoma da yawa kashe irin waɗannan itatuwa suke yi tun suna ƙanana, su da suka fi kowa sanin amfanin inuwarsu. A Nijar ma haka aka yi fama: dokar daji ta zamanin Faransa da wadda ta gaje ta sun sa ma'aikacin gandun daji yana cin tarar mutum kan reshen da ya sara a gonarsa, don haka ba mai son itace ya girma masa. Sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sannan gonaki suka yi kore, dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙarfafa hakan.

A ƙasar nan tambayar tana da rassa. Mai gonar aro ko haya ko jingina ba ya dasa itace, don mai gona zai ce yana neman kafa hujja ne, shi kuma ba ya son ya yi wa wani wahala. Gonar gado da ba a raba ba, kowa na tsinka, ba mai raino. A wurare da dama ɗorawa tana da mai ita daban da mai ƙasar da take tsaye a kai. Matar da ta fi kowa cin amfanin kaɗanya ba ta da ta cewa ranar da mai gawayi ya zo da kuɗi a hannu.

Ba sai an jira doka daga Abuja ba kafin a warware mafi yawan wannan. Ranar da ake ba da aron gona ko jinginarta, a gaban hakimi da liman da shaidu, a ƙara layi uku a takarda: itatuwa nawa ne a ciki kuma waɗanne iri, wa ke da 'ya'ya wa ke da rassa, me za a ba wanda ya raini sabon toho ranar da aka karɓi gona. Uban ƙasa ya zauna da arɗo da sarkin noma kafin a saki dabbobi bayan kaka, a yanka iyakar abin da za a sassabe wa gawo da tarar wanda ya wuce ta. Ma'aikatan gandun daji na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su faɗa a bainar jama'a, a kasuwa da masallaci, cewa wanda ya raini itace a gonarsa yana da ikon rage rassansa ba tare da tsoron tara ba. In an sami wannan kafin sassaben bana, ko toho 20 kowane magidanci ya bari a hekta, za a iya zuwa a ƙirga su a kaka ta uku.